Wutar da ke Kwance Cikin Tukunya

Mu masu rubuta manhaja muna da wani alfahari da ba mu cika faɗinsa a fili ba, wai aikinmu ba shi da nauyi. Ba ma ɗaukar buhu, ba ma shaƙar hayaƙi, abin da muka ƙera ba ya hawa sikeli. Mutum yana zaune a Unguwar Rimi zai tura aiki Legas ko Nairobi kafin shayinsa ya huce. Amma in aka dubi teburin da muke wannan alfahari a kansa, sai a ga ƙarfe guda ya kewaye mu ta ko'ina. Jikin kwamfutar da ke kan cinyarmu shi ne. Haƙarƙarin da ke shanye zafin inbata shi ne. Gefen farantan sola da ke saman kwano, da tagar ofis, da wayar da ta taso daga taransifoma ta biyo turaku har ƙofarmu, duk shi ne. In muka tashi aiki muka koma gida, tukunyar da tuwon dare ke sulala a ciki ma shi ɗin ne dai.

Alminiyam muke ce masa, dattawa kuwa wasu su ce sanholo, wasu su ce goran ruwa. Saboda yawansa a gidajenmu sai a ɗauka tun fil azal yana nan, kamar ƙwarya da akushi. Alhali baƙo ne na jiya jiya. Kakannin kakanninmu sun san baƙin ƙarfe sarai. A nan kudu da mu, mutanen da a yau ake kira da sunan ƙauyen Nok sun narka tama fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma maƙeran ƙasar Hausa sun yi ƙarnoni suna fitar da ƙarfen garma da na takobi da gawayi da zugazugi. Sun san tagulla, sun san dalma, sun san azurfa. Alminiyam kuwa ko ƙyallinsa ba su taɓa gani ba, duk da cewa a kansa suke tafiya. Shi ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa, kusan kashi 8 cikin ɗari na nauyinsa. Yana cikin yumɓun da matan da suke gina tukwane ke kwaɓawa, yana cikin jar ƙasar da ake yin tubali da ita.

Dalilin ɓoyuwarsa rowa ce irin tasa. Tama ƙarfe ne da ya ƙulla aure da iskar oksijin, amma auren mai sauƙin rabuwa ne: in aka haɗa ta da gawayi aka hura wuta, gawayin ya janye iskar ya bar ƙarfe. Alminiyam ya riƙe tasa iskar riƙon da gawayin maƙera ba ya iya ɓamɓarewa, ko da za a ƙone dajin Birnin Gwari gaba ɗaya. Sai da aka samo wani abu da ya fi wutar gawayi iya raba aure.

Wanda ya fara nuna hanyar wani Bature ne a Ingila, Humphry Davy. A shekarar 1807 ya narkar da sinadaran da ake samu daga toka da dangin kanwa, ya tura musu lantarki daga batir, sai ga ƙananan ƙwallaye masu sheƙi suna fitowa, ƙarafan da ba wanda ya taɓa gani: fotasiyam da sodiyam. Wato a cikin gishirin miyarmu akwai ƙarfe a ɓoye, mai taushi har wuƙa na yanka shi, wanda in ya taɓa ruwa sai ya hau tsalle yana huci. Dabarar ita ce a narkar da gishirin da zafi, kada a jiƙa shi da ruwa. Gishiri yana daskare, ƙwayoyinsa masu ɗauke da caji a ɗaure suke, lantarki ba ya ratsa shi. In an jiƙa shi da ruwa sukan saki, amma sai ruwan ya riga ƙarfen karɓar lantarkin, ya tarwatse ya zama iska, a tashi a tutar babu. In kuwa an narkar da shi shi kaɗai har ya zama ruwa-ruwa, ƙwayoyin ƙarfe su yi gefe guda, abokan zamansu su yi ɗaya gefen, kowa ya kama gabansa. Har yau da haka ake fitar da sodiyam, da litiyam, da wani kaso na maganiziyam.

Davy ya gwada da alminiyam bai yi nasara ba. Waɗanda suka biyo shi sun samo shi ta wasu hanyoyi masu ɗan karen tsada, har ya zama kayan ƙawa na sarakuna. Ana ba da labarin cewa Sarkin Faransa Napoleon na Uku yakan ba manyan baƙinsa cokulan alminiyam, saura su yi haƙuri da na zinariya. A 1884 da Amurkawa suka gama dogon ginin tunawa da George Washington, ɗan tsinin da suka ɗora a ƙololuwarsa na alminiyam ne, bai cika kilo 3 ba, kuma sai da aka baje shi a shago mutane suka yi ta zuwa kallo. Tukunyar da ake dafa shinkafar suna a Badarawa ta fi shi nauyi.

Matsalar ita ce farin garin da ake tacewa daga dutsen boksait, wanda ake kira alumina, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Ba tandun da zai jure haka kullum. A 1886 wasu samari biyu da ba su san juna ba, Charles Martin Hall a jihar Ohio ta Amurka da Paul Héroult a Faransa, suka faɗo kan mafita guda. Abin mamaki, shekara ɗaya aka haife su, 1863, kuma shekara ɗaya suka rasu, 1914. Abin da suka gano duk mai dafa wake ta san irinsa. Wake ya ƙi nuna, sai a jefa masa 'yar kanwa. Kanwar alumina wani farin gishiri ne mai suna kirayolait, wanda a lokacin a wuri guda kawai ake haƙarsa da yawa, a gaɓar Girinlan mai ƙanƙara. In aka narkar da shi, alumina na narkewa a cikinsa kamar sukari a shayi, a zafin da bai wuce digiri 960 ba. An rufe wancan rami a 1987, yanzu a masana'anta ake haɗa gishirin, amma dabarar samarin nan biyu ba ta canza ba. Duk alminiyam ɗin da ke cikin Kaduna, daga murfin kwalbar magani har jikin jirgin da ke sauka a filin jirgi, ta cikin narkakken gishirin nan ya biyo.

Su kansu masu masana'antar tukunya suke kiran abin da suke aikin a ciki. Ƙaton kwami ne na baƙin ƙarfe, an shafe cikinsa da kabon, wato dangin gawayi. A cika shi da narkakken gishiri, a riƙa barbaɗa alumina kaɗan kaɗan, sannan a saukar da manyan tubalan kabon daga sama su nutse a ciki. Lantarki ya shiga ta tubalan, ya ratsa gishirin, ya fita ta gindin tukunyar. Alminiyam ya taru a ƙasa yana ruwa, a riƙa zuƙe shi da bututu. Oksijin kuwa ya hau sama ya riƙa cin tubalan, shi ya sa kowane tan guda na ƙarfe yake lashe fiye da kilo 400 na kabon, ya tashi sama a matsayin hayaƙi. Ƙarfin turawar lantarkin kaɗan ne, bolt 4 zuwa 5, daidai da cajar waya. Yawan kwararsa ne abin tsoro, amfiya dubu ɗari-ɗari. Kuma ba a hura wa tukunyar wuta daga waje. Lantarkin da ke ratsa ta shi ke riƙe gishirin a narke.

A nan ne abin ya kama mu, mu da muka yi shekara huɗu a jami'a muna ƙidayar abin da ba a gani. Michael Faraday, wanda ya fara a matsayin yaron Davy, ya nuna cewa yawan ƙarfen da za a samu daidai yake da yawan lantarkin da aka tura, ba ragi ba ciniki. Kowace ƙwayar zarra ta alminiyam sai an biya ta ilektiron uku kafin ta saki. A aikinmu in manhaja tana nawa, mukan zauna mu sake tunani, mu samo gajeriyar hanya, aikin awa guda ya koma daƙiƙa goma. Nan kuwa babu wannan wayon. Injiniyoyi sun yi shekara fiye da ɗari suna rage ɓarna, amma har yanzu kilo guda yana cin yunit 13 zuwa 15 na irin wanda muke saye a mita. Mun zauna mun yi lissafi wata rana da aka ɗauke wuta. Kwamfutarmu in ta yi awa takwas tana aiki ba ta cika shan rabin yunit ba. Ke nan kilo guda na alminiyam ya shanye wutar da za ta ishe ɗayanmu aikin fiye da wata. Babban fawa bank ɗin da muke taƙama da shi, in aka juye shi kaf cikin tukunyar Hall, abin da zai fito bai wuce rabin gwangwanin lemo ba.

Yawan wutar ma da sauƙi. Abin da ya fi wuya shi ne kada ta yanke. Mu 'yan Arewa da muke wannan sana'a mun tashi da wata ɗabi'a a yatsunmu, adana aiki bayan kowane layi biyu, don ba mu san lokacin da allo zai yi baƙi ba. Mun koyi rubuta manhajar da in intanet ya tafi za ta jira, in ya dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Abokan aikinmu na ƙasashen waje har yaba mana suke yi a kan haka. Tukunyar alminiyam ba ta da inda za ta adana komai. In wuta ta yanke na 'yan sa'o'i, gishirin ya fara kamawa. In ya daskare, shi da ƙarfen da tubalan sun zama dutse guda, sai dai a zo da injin fasa kankare. Kuma tukwanen a jere suke ɗaruruwa a layi ɗaya, lantarkin da ya fita daga wannan shi ke shiga waccan, a cikin rumfar da tsawonta kan kai kilomita. Farfaɗo da layin da ya daskare aikin watanni ne da kuɗi masu yawan gaske.

Ba za mu manta ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando, ɗayan layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. Masu ƙanƙara sun yi asara, masu niƙa sun ninka kuɗi, mu kuwa muka taru mu biyar a ɗakin wanda ya fi mu batir, muna karɓa-karɓa da soket guda. Mun sha wuya, amma ranar da wuta ta dawo muka buɗe kwamfuta, aikinmu yana nan yadda muka bar shi. Da a ce akwai masana'antar alminiyam a kan wancan layi, da tun daren farko ta mutu.

Najeriya ta gwada. An gina ALSCON a Ikot Abasi ta jihar Akwa Ibom da nufin fitar da tan 193,000 a shekara, kuma da yake waɗanda suka tsara ta sun san halin wutarmu, sai suka gina mata tasharta ta gas mai megawat 540. Don a gane girman abin, madatsar Shiroro da ke kan wannan kogin namu na Kaduna, wadda aka buɗe a 1990, megawat 600 ce. Masana'anta guda, kusan Shiroro guda. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999. Kamfanin RUSAL na Rasha ya karɓe ta a 2007, wani kamfani mai suna BFIG ya ce shi ya ci cinikin tun farko, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, gas ya riƙa yankewa, a 2013 tukwanen suka sake yin sanyi. Ghana ta ɗan fi mu sa'a. Nkrumah ya gina madatsar Akosombo, masana'antar VALCO a Tema ta fara aiki a 1967, amma duk shekarar da ruwan Volta ya ja baya sai a rufe wasu layukan. Gini kuwa, wadda ta fi kowace ƙasa arzikin boksait, jar ƙasarta ake lodawa a jiragen ruwa a Kamsar a kai Sin, inda ake fitar da fiye da rabin alminiyam ɗin duniya. Daga can ya dawo mana a matsayin kwano da waya da jikin kwamfuta.

Abin da muke da shi a Kaduna shi ne Panteka. Duk wanda ya bi ta bayan Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Tudun Wada ya san ƙarar guduma da ƙaurin walda da ke tashi daga can. Mun je neman wanda zai haɗa mana akwatin batir, sai muka tsinci kanmu a layin masu zubin tukwane, muka manta abin da ya kawo mu. Tsibin kaya ne a gefe: fistan ɗin mota, murfin inji, guntayen kwano, tsoffin tagogi, tukwanen da gindinsu ya ɓule, gwangwanaye an tattake su. Wani yaro yana bin tsibin da mayen ƙarfe, duk abin da ya maƙale ya jefar gefe, don alminiyam ba ya amsa kiran maye. Wani yana juya tayar keke da aka ɗaura wa fanka, iska na shiga ƙarƙashin gawayi. Maigidan wurin, dattijo mai furfura a gemu, yana danna damshin yashi cikin akwatin katako a kewayen wata tsohuwar tukunya, ya zare ta a hankali, ta bar siffarta. Da ƙarfen ya narke ya yaye dattin da ya taso sama, ya tsiyaya shi cikin ramin, ruwa mai sheƙi kamar an narka wata. Kafin mu gama gaisawa da maƙwabcinsa an fasa yashin, ga tukunya tana tururi.

Ɗayanmu, wanda ba ya iya riƙe abin da ya karanta, ya ce, "Baba, ka san wannan ƙarfen da lantarki ake ciro shi daga ƙasa?"

Dattijon bai ɗago ba. Ya ce, "Samari, ni dai daga bola nake ciro nawa."

Muka yi dariya, amma maganarsa daidai take da lissafin injiniyoyi. Alminiyam da zarar an raba shi da iskarsa, digiri 660 kawai yake buƙata ya sake narkewa, kuma gawayi na kai wannan. Sake narka shi yana cin kusan kashi 5 cikin ɗari ne kacal na makamashin da aka kashe wajen fitar da shi da farko. Sauran kashi 95 wani ya riga ya biya, a wata madatsa a Kanada ko Norway, ko a wata tashar kwal a Sin, shekara ashirin ko hamsin da suka wuce. Yaron jari bola da ke tura baro a Kawo yana kaɗa ƙarfe, wutar ƙasashen da ba ta yankewa yake tsinta a kwata. Shi ya sa in ya ɗora kaya a sikeli, kilon alminiyam ya ninka na baƙin ƙarfe sau da yawa.

Wannan tsadar tana da mummunar fuska, kuma mun gan ta. A layinmu an taɓa wayar gari an kwance waya tsakanin turaku huɗu, muka yi karo-karo muka sayi wata. Ba mu san inda tamu ta tafi ba. Mun dai san cewa waya in ta narke ba ta da suna, kuma ba abin mamaki ba ne mutum ya ci tuwo daga tukunyar da aka zuba da wayar unguwarsu. Wani kason ma ba ya tsayawa a tukunya. Akan narka shi a yi curi-curi, a loda a tirela a yi Kudu, daga can a bi teku. Ƙasar da ba ta fitar da ko kilo guda na sabon alminiyam ita ce ke sayar da tsohon da ta tara.

Abin da ya fi damun mu kuwa yana cikin tukunyar kanta. Mayen ƙarfe yana kama baƙin ƙarfe, amma ba ya kama dalma. Dalma na shiga tsibin ta lagireto da aka liƙe da ita, ta guntayen kayan lantarki, ta wasu sassan inji, kuma tana narkewa tun kafin alminiyam ya fara laushi, ta gauraye ba wanda ya gani. Wani bincike da aka wallafa a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna dalma na fita daga jikinsu ta shiga abinci, musamman mai tsami. Mu kuwa girkinmu tumatir ne da tsamiya da yakuwa da zoɓo. Ba sai an gaya wa ɗan Arewa abin da dalma ke yi wa yara ba, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwansu. Ta tukunya ba ta kisa farat ɗaya haka. A hankali take taruwa, ta taɓa ƙwaƙwalwar yaro, a ce ba ya gane karatu.

Duk da haka ba ma cikin masu cewa a rufe layin masu zubi. Wanda bai taɓa ciyar da mutum ɗari uku ranar biki ba shi ke faɗin haka. Mai tuwo-tuwo a bakin tasha, da mai dafa wa almajirai, da uwar da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki, ba su da kuɗin tukunyar kanti, kuma ta kantin ba ta jure murhun itace. Gyaran a wajen tsince kaya yake. Tsohuwar tukunya da guntun kwano da taga da gwangwani su tafi tukunyar abinci, kayan inji su tafi murhu da ƙafar kujera da abin da ba a ci a ciki. Akwai na'urar hannu da ake haska wa ƙarfe ta faɗi abin da ke cikinsa cikin daƙiƙoƙi. Ta fi ƙarfin mutum guda, amma ba ta fi ƙarfin ƙungiyar kasuwa ba, balle ga kwalejin fasaha da ɗakunan gwajinta katanga ɗaya da su. Mu kanmu da ke ta rubuta manhajar odar shawarma, rajistar da za ta nuna wa ya kawo kaya, daga ina, kilo nawa, ba za ta ɗauke mu wata guda ba.

Mun faɗa wa dattijon maganar dalma kafin mu tafi. Ya saurara har muka gama, ya ce shi da ma ba ya son kayan lagireto, suna ɓata masa zubi, tukunya ta fito da ƙuraje. Sai dai in kaya sun yi wuya, abin da yara suka kawo shi ake narkawa, don gawayi ba ya jira kuma masu oda ba sa jira. Ya ɗauki wata sabuwa mai cin mudu goma, ya ƙwanƙwasa gefenta da zarto, ya kasa kunne, ya miƙa wa yaron da ke gogewa. Sannan ya tambaye mu ko na'urar da muke magana a kai tana aiki da batir.